Ranar da na saki igiya a ƙarƙashin jirgi a Apapa

Ƙannena da kuke tare ni a Idi-Araba kuna tambayar yadda ake shiga aikin nutso da tukunyar iska, ku fara jin wautar da na tafka.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Neja na tashi, tun ban iya ɗaura wando ba nake iyo. Abin da ya ruɗe ni ke nan. Da na fara aikin kankare gindin jirage a Apapa, gani nake ruwa ba shi da sauran abin da zai koya mini. Ashe na Legas daban ne. Da damina, musamman Yuni da Yuli, laka da dattin kwatocin gari duk cikin lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, suke ƙarewa, in ruwa ya fara janyewa zuwa teku sai ya kwaso su ya bi ta tashar. Ka miƙa hannu, ba ka ganin yatsunka.

Ran nan muka sauka mu biyu don yanke tsohuwar raga da ta naɗe farfela. Wuƙata ta suɓuce. Maimakon in bar ta, sai na saki igiyar da muke bi, wai in lalubo ta in dawo. Wuƙar da ba ta kai kuɗin tuwon kwana biyu ba! Ina isa ƙasa na shiga harba ƙafa, laka ta turnuƙe, ɗan hasken da ya rage ya tafi. Na kunna tocila, sai ta zama kamar fitilar mota cikin hazo, fari fat a gabana kawai. Na rasa ina ne sama, ina ne ƙasa.

Tsoro yana cin iska, zurfi ma haka. A mita 10, kowane numfashi ninki biyu yake ɗauka na abin da kake sha a tudu, ga ni kuma ina haki. Lokacin da na shiga, agogon da ke auna iskar tukunyata 200 yake nunawa. Sai da na manna agogon a jikin tabarau kafin na ga allurar ta kusa 50, inda ya kamata a ce tuni ina hanyar fita.

Maganar maigidana ce ta faɗo mini: tsaya cak, yi numfashi, sa hannu ka ji inda kumfa take tafiya, can ne sama. Na bi ta a hankali, sai ƙum, kaina ya bugi ƙarfe. A ƙarƙashin jirgi sama ma rufe take. Nan na yi ta ƙwanƙwasa tukunya har abokin aikina ya lalubo ni da igiya a hannu.

Don haka kafin ka jiƙa ƙafa, ku daddale da mai riƙe igiya abin da ja ɗaya yake nufi, da ja biyu. Ɗauki abin yanka biyu, kowanne a wuri daban. In a fili kuka rabu da abokinka, minti 1 za ka nema, sannan ka hau. Kada hawan ya wuce mita 9 a minti, ka dakata minti 3 a mita 5, kuma ko kusa kada ka riƙe numfashi, don iskar huhu kumbura take yi in ana hawa. In kana da zaɓi, shiga lokacin da ruwan teku ya gama shigowa, ya fi haske.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Wata guda ya zaunar da ni a kwalekwale ina riƙe wa wasu igiya.