Ba hannuna ba ne, kwamfuresa ce

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin gwaje-gwajen kamfanin man girkin da nake aiki a Kano, kuma ƙannena da za su gaji injin GC, wato injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin mai yana auna su, sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Littafin aiki yana cikin durowa, ba sai na maimaita shi ba. Abin da babu a ciki shi ne labarin lokacin da wutar FID, wato ditektar injin da ke gano sinadarai ta hanyar ƙona su, ta riƙa mutuwa aka ɗora mini laifi.

Kun san ƙa'idar: haidirojin mililita 30 zuwa 40 a minti, iska wajen 400, naitirojin na ciko kamar 25. Muddin iska ta ninka haidirojin kusan sau goma, wutar tana zaune lafiya. To, rana tsaka besilain, wato layin da ya kamata ya miƙe a kan allo, ya fara hawa da sauka, allon injin yana nuna iska ba ta kai adadin da aka sa mata ba, wani lokacin wutar ta ɗauke ana tsakiyar gwaji. Ga tankokin mai a bakin get suna jiran sakamako.

Oga bai ko leƙa bayan injin ba. Ya ce ni na taɓa EPC, wato na'urar da ke daidaita gudun iskar, tunda ni na canza kolom, siririn bututun da samfur ke bi a cikin injin, a makon. Kafin la'asar takardar tuhuma ta iso tebur ɗina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hawa da saukar nan suna da tsari, tazara ɗaya kullum. Yoyo ba ya haka. Bakin jet, inda wutar ke ci, idan ya toshe, wutar ce ke wahalar kamawa, sai kuma tsalle-tsalle marasa kan gado. Kolom idan ya tsufa, layin yana tashi ne tare da zafin oba, wato tandar da kolom ke ciki. Duk abin da ke maimaita kansa kamar agogo, akwai wani makunni a wani wuri da ke kunnawa yana kashewa. Sai na zauna da agogon hannuna ina kallon allo, kunnena kuma yana kan kwamfuresar da ke bayan bango. Layin ya yi ƙasa, ta tashi. Ta cika tanki ta tsaya, ya dawo.

Ashe don a rage kuɗin silindar iska an haɗa GC da kwamfuresar da ke ba sashen ɗura mai iska, ba tare da an faɗa wa kowa a leb ba. Ita EPC rage matsi kawai take yi, ba ta ƙara shi. Dole abin da ke shigo mata ya ɗara abin da take fitarwa, idan kuwa can suka buɗe layinsu, matsin ya faɗi, ba ta da yadda za ta yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini silinda ɗaya in gwada." Ya ce, "Kai injiniya ne?" Aka ɗauko injiniya daga Legas, kuɗin jirgi, kuɗin otal. Bawan Allah ya ɗaura gejinsa, ya nemi silinda, layi ya miƙe sambal. A taron Litinin oga ya ce "mun gano" matsalar. Takardar tuhuma kuwa tana nan cikin fayil ɗina, ba wanda ya cire.

Sauran ba su da yawa. Regileta, wato abin rage matsi da ake ɗaurawa a kan silinda, mai hawa biyu za ku nema, domin mai hawa ɗaya matsinsa yana ƙaruwa idan silinda ta kusa ƙarewa. Kada ku nemi yoyo da ruwan sabulu, yana shiga layi ya ɓata shi. Na'urar gano yoyo tana nan. Da damina ku riƙa duba matatar danshi, da hunturu kuma ƙura ke cika matatar kwamfuresa. Kada ku kunna wuta sai zafin ditekta ya wuce digiri 150, in ba haka ba ruwa zai taru a ciki. Idan kuna shakkar ko ta kama, ku kara sifana mai sanyi a bakin bututun ditekta, za ku ga raɓa.

Na ji ana cewa idan silinda ta ƙara tsada za a mayar da layin kan kwamfuresa. Idan an zo da maganar, ku nemi tanki da regileta na GC shi kaɗai. Ku rubuta buƙatar a takarda, oga ya sa hannu, ku riƙe kwafi a gida.