Inda na kai da akwatin manyan mutum-mutumina

'Yan'uwa masu koyo, na ɗan ajiye burushin fenti a wannan zangon, hankalina ya koma kan akwatin da nake ɗaukar mutum-mutumina a ciki in za a yi tafiya. Ƙananan sojojin wasan tebur, masu milimita 28 ko 32, ba su da wahalar sha'ani: tiren soso, kowa da raminsa, a rufe. Manyan ne ke da magana, irin dodo mai fukafukai, ko ƙaton da ya ɗaga gatari sama, ko injinan yaƙi irin na wasan Warhammer da faifan gindinsu ya kai milimita 100 ko fiye. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne a riƙe babba ta gindi, kada komai ya taɓa fentinsa.

Soso na bar wa ƙanana ke nan. Babban mutum-mutumi idan an tura shi cikin rami, duk wani tsini sai ya goga: bakin takobi, ƙaho, ƙarshen fiffike. A nan kuma fenti ya fi siranta. Shiga da fita kaɗai sun isa su cinye shi, tun ba a kai ga girgizar mota ba. Soson da ake tsinkewa gunduwa-gunduwa don a fitar da siffa yana taimakawa, amma mashi siriri yakan maƙale a tsagarsa, kana ɗagawa ka ji ƙas.

Don haka na koma ga maganaɗisu. Akwatin roba na samu mai zurfi da murfi mai kama baki, na manna farantin ƙarfe a ƙasansa. Ku tafi da maganaɗisu a aljihu in za ku zaɓi farantin, ku gwada kafin ku yanka, domin alminiyom ba ya kamawa sam, kuma yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa ma kamunsa ba shi da ƙarfi. Gefen farantin na bi shi da fayil na goge ƙarfe, sannan na rufe da tef.

Maganaɗisun neodimiyom, wato ƙananan nan masu ƙarfin kamu, nake sawa a ƙarƙashin faifai. Za ku ga an rubuta N35 ko N52 a jikin kwalinsu. Yadda lambar ta fi girma, haka ƙarfin yake. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne rata. Ƙarƙashin faifai akwai kwarmi, in maganaɗisun ya shige ciki ya bar ko da milimita ɗaya tsakaninsa da ƙarfe, ƙarfinsa ya ragu sosai. Ga yadda nake yi: in ɗora ɗan curin ƙullin epoksi (gam mai kama da ƙullu da ke daskarewa ya yi tauri) a cikin kwarmin, in danna maganaɗisun a kai, sannan in kifa faifan a kan takardar da ba ta kama gam, bisa shafaffen tebur, in danna har bakin faifan ya zauna daram. Ƙullin zai bazu, maganaɗisun ya tsaya daidai da baki. Sai ya bushe sarai nake kai shi kusa da ƙarfe, in ba haka ba ƙarfen zai zare shi daga ƙullin.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Guda ɗaya babba a tsakiya bai kai ƙanana huɗu ko biyar da aka rarraba kusa da baki ba. Tsawo ne dalili. Dogon mutum-mutumi idan mota ta taka birki, ba sama yake tashi ba, kifewa yake yi, kamar yadda ake banƙare murfin gwangwani da cokali daga gefe ɗaya. Maganaɗisun da ke baki su ne ke hana gefen ɗagawa. Kuma in za ku cire shi, ku zame faifan gefe ko ku karkata shi da yatsa. Kada ku kama jikinsa ku ja, domin idon sawu zai karye kafin maganaɗisu ya saki.

Mutum-mutumin ƙarfe masu nauyi ban yarda da maganaɗisu kaɗai a kansu ba. Guda ɗaya in ya ɓalle a cikin akwati, sai ya ragargaza maƙwabtansa. Su nakan ware musu ɗaki da kwali mai kauri.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne fukafukan dodon. Na rezin ne, wata irin roba mai tauri, rezin kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ban manna su ba. Na huda kafaɗa da gindin fiffike da ɗan abin huda na hannu, na binne ƙananan maganaɗisu, na ƙara sandar tagulla mai kaurin milimita 1 a gefe don kada fiffiken ya riƙa juyawa. Kafin gam ya taɓa komai, ku haɗa maganaɗisun biyu ku ɗiga wa fuskokin waje alama da alƙalamin maka, su ne za su shige cikin rami, saboda in ɗaya ya juye, turewa za su yi, kuma tono shi daga rezin aiki ne ja. Yanzu fukafukan suna kwance a nannaɗe da ƙyalle mai taushi, tsawon dodon ya ragu har murfi yana rufuwa da sauran fili.

Kada a rufe akwati a kan sufagulu ɗanye, tururinsa yana barin farin hazo a kan fenti. Kada kuma a bar akwatin a motar da ke tsaye a rana: robar PVC mai taushi tana lanƙwashewa, maganaɗisun neodimiyom na gama-gari kuma yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80 na Salsiyos. Masu yara a gida, ku ɓoye ƙananan maganaɗisun nan da gaske, haɗiye biyu yana iya huda hanji.

Abin da ya rage mini shi ne banish, wato shafin da ke kare fenti. Ƙaton mai gatari zai sha mai ƙyalli tukuna don tauri, sannan marar ƙyalli a sama. Bayan nan sai gwajin girgiza: zan shimfiɗa bargo a ƙasa, in karkata akwatin sannu a hankali zuwa kowane ɓangare, duk faifan da ya motsa in ƙara masa maganaɗisu a baki.