Taɓon Rwenzori ya fi ƙanƙararsa wuya

Duk wanda ya ji an ce dutse mai tsayin mita 5,109, abu biyu ne ke zuwa masa a rai: sanyi da ƙarancin iska. Su na yi wa shiri. Na yi watanni ina hawa da sauka a duwatsun Shere na Jos, na ga likita, na sayi rigunan sanyin da ban taɓa sanin ana ɗinka irinsu ba. Sanyin kuwa na same shi, numfashi ma ya yi wuya kamar yadda aka faɗa. Amma abin da ya kusa hana ni taka ƙololuwar Margherita, ya bar ni da yatsun ƙafar da ba na jin su har bayan na dawo gida, ruwa ne da taɓo. Da wanda ya karɓi kuɗina ya ƙara layi ɗaya tak a takardar kayan da ya turo min, da ban sha wannan azabar ba.

Duwatsun Rwenzori suna kan iyakar Uganda da Kwango, dab da layin da ya raba duniya biyu. Margherita tana kan Dutsen Stanley, kuma shi ne na uku a tsayi a Afirka, bayan Kilimanjaro da Dutsen Kenya. Wannan na ukun ne ke ruɗin mutane, sai su ɗauka ya fi sauƙi. Kilimanjaro dutse ɗaya ne a tsaye, da ƙafa ake takawa har sama. Rwenzori kuwa jerin duwatsu ne da kwaruruka, kowane kwari cike da ruwa. Har a watannin da suke kira rani, Yuni zuwa Agusta da Disamba zuwa Fabrairu, ba a rasa ruwan sama. A cikin irin wannan rani muka je, kuma kusan kullum sai mun jiƙe.

Dillalin da ya haɗa mana tafiyar, takardar Kilimanjaro ya turo mana. Sai daga baya Likita, wani dattijo ɗan Zariya da muke tare, ya nuna min sunan garin Moshi a ƙasan shafin, garin da ke Tanzaniya. Takalmi ɗaya aka rubuta a ciki: na hawan dutse, mai tauri, wanda ruwa ba ya shiga. Na saye shi da tsadar da har yau ban faɗa wa uwargida ba.

A Nyakalengija, ƙauyen da ake fara hawa daga wajen mita 1,600, babban jagoranmu ya sa kowa ya baje kayansa a ƙasa. Shi da sauran jagorori da 'yan dako duk Bakonzo ne, mutanen da ke noma a gindin duwatsun. Ya duba nawa ya ce, "Hajji, ina takalminka na roba?" Haka suke kiran musulmi a can. Na ɗaga masa nawa mai tsada. Ya latsa shi, ya ce mai kyau ne, amma na rana ɗaya ne, ranar ƙanƙara. Sauran kwanakin duk na roba ake sawa, mai dogon wuya, irin wanda masu noman shinkafa ke shiga ruwa da shi a Kura. Mai taurin a cikin leda ake ɗaure shi, ɗan dako ya kai maka shi sama a bushe.

Aka shiga ɗakin ajiya. Likita ya samu daidai shi, sauran ma haka. Ni lamba 46 nake sawa, mafi girman da ke nan ko dunduniyata bai shiga ba. A Kasese muka kwana daren jiya, kasuwa na nan kusa da masaukinmu, babu wanda ya ce min in leƙa. Komawa kuma zai cinye wa ayarin gaba ɗaya yini guda. Haka na shiga daji da takalmin da bai kamata ya ga ruwa ba.

Hawa zuwa bukkar Nyabitaba bai ba ni matsala ba. Kurmi ne, an nuna mana hawainiya mai ƙaho uku, mun ji birai a sama. Washegari muka gangara gadar da ke mahaɗar kogunan Mubuku da Bujuku, muka ratsa dajin gora da duwatsu masu santsi har bukkar John Matte. Ƙafata ta ɗan yi laima, na ce ai da sauƙi.

Sai Bigo.

Fadama ce a saman dutse, sama da mita 3,000, kashi biyu, ta ƙasa da ta sama. An shimfiɗa katako a wasu wuraren, Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin. Inda katakon ya ƙare, sai ka riƙa tsalle daga wannan tushen ciyawa zuwa wancan, kowanne yana rawa a ƙarƙashinka, tsakaninsu baƙin taɓo ne mai sanyin da ke shiga ƙashi. 'Yan dako suna wucewa da kaya a baya, igiyar kayan a goshi, suna hira, ba sa ma duban ƙasa. Mai takalmin roba in ya zame, ya zaro ƙafarsa ya ci gaba. Ni da na zame na farko, taɓon ya kai min gwiwa ya kwararo ta wuyan takalmin. Takalmin da ruwa ba ya shiga, in ruwan ya shiga ta sama, ba ya fita. Tun daga nan duk takun da na yi ina jin sa yana caɓal-caɓal a ciki.

Wurin kuwa yana da kyan da ban taɓa gani ba. Itatuwa sun sha gansakuka tun daga tushe har reshe, wasu tsirrai masu kan kabeji sun fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, hazo yana buɗewa ya nuna maka Dutsen Speke ko Baker ya sake rufewa. Na gani, amma rabin hankalina yana ƙafata.

Babu abin da ke bushewa a can. Iskar kanta a jiƙe take. Safar da ka shanya da dare, da safe ta fi jiya laima. A bukkar Bujuku, kusa da mita 4,000, wani matashi cikin 'yan dako ya ɗauki takalmin ya zauna da shi gefen gawayi yana juyawa, ba tare da na roƙe shi ba. Waje ya bushe, ciki yana nan yadda yake. Likita ya ce, "Malam, cire safar nan in gani." Na ce, "Likita, ai ba komai." Ya ce in cire dai. Tafin ƙafar ya yi fari fat ya yamutse. Ya ce fata in ta daɗe a jiƙe cikin sanyi, ko bai kai na daskarewa ba, jijiyoyi suna lalacewa. Ya kafa min doka: safa biyu su zama na barci kaɗai, kada su fita daga leda sai a cikin bargo, kuma kowane dare in shanya ƙafar in murza ta har jini ya dawo. Da safe kuma in mayar da jiƙaƙƙiyar safar jiya. Wannan mayarwar ta fi min komai ciwo a tafiyar.

Ga masu tambayar salla: kasaru muka yi, muna haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas, sai da na'ura ta nuna mana muka yarda. Ruwan alwala kuwa mai dafa abinci ne ke ɗan ɗumama mana. Abinci tuwon masara ne da wake, shinkafa, da shayi mai yawa. Mun faɗa musu tun farko batun nama, suka kiyaye. Kilishi da dabinon da na ɗauko daga gida sun yi rana, musamman da ƙarancin iska ya fara kashe min sha'awar abinci.

Ciwon tsauni bai yi min tsanani ba, ciwon kai ne da barci a yanke. Tafiyar a hankali ake hawa, jiki yana samun sabawa. Jagoran dai kullum da dare sai ya bi kowa da tambaya: ka yi amai, kana tari, kana jin jiri? Ya ce wanda ruwa ya fara taruwa masa a huhu, maganinsa sauka, kuma a nan babu titin mota, a kafaɗa ake sauko da mutum.

Bukkar Elena tana wajen mita 4,500, a kan dutse tsirara. Da muka tashi tsakar dare don hawan ƙarshe, takalmina ya daskare ya zama katako. Kowa yana ciro nasa daga leda a bushe, ni ina dukan nawa da bango. Jagoran ya daɗe yana kallona. Na san yana auna ko ya bar ni a bukka. Sai ya ce in sa busasshiyar safar barci, in zura kowace ƙafa a leda, sannan in tura cikin takalmin. Ya ce in na daina jin yatsuna gaba ɗaya in faɗa masa, kuma in ya ce mu juya, babu gardama. Na ce na yarda.

Hawan nan ba tafiya ba ce, aikin igiya ne. Hular kwano, ɗamara, gatarin ƙanƙara, da ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, shi ya sa dole ya zama mai tauri. A 1906, lokacin da basaraken Italiya Luigi Amedeo ya fara taka ƙololuwar ya sa mata sunan Sarauniya Margherita, mahaifiyar sarkin ƙasarsu, akwai filayen ƙanƙara 43 a duwatsun. Yau mafi yawansu sun narke, abin da ya rage kusan duk a kan Stanley yake. Jagoran ya nuna min da tocila inda ƙanƙarar take tsayawa lokacin da ya fara aiki, yanzu dutse ne mai santsi. Narkewar ba ta sauƙaƙa hanya ba, ƙara mata tsayuwa ta yi. Muka ratsa filin ƙanƙarar Stanley, muka gangara, muka kama ƙanƙarar Margherita a ɗaure da juna. Duk taku ina motsa yatsuna a cikin leda ina ƙirga waɗanda nake ji.

Mun kai. Hazo ya rufe ko'ina, Kwangon da aka ce za mu hango ba mu gan ta ba, allon da ke sama kawai muka gani. Na yi hamdala, Likita ya rungume ni yana haki, aka ɗau hoto muka juyo. Ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba.

Saukowa kuma wani aikin ne. Ta mashigin Scott Elliot zuwa tafkunan Kitandara, sai a sake hawa mashigin Freshfield, sannan gangare mai tsawo a kan duwatsu jiƙaƙƙu da saiwoyi da wani sabon taɓon. Yatsun da suka kumbura suna dukan gaban takalmi a kowane taku. Faratan manyan yatsuna biyu sun yi baƙi, daga baya suka fita. Na daɗe ina zuwa ofis da silifas, mutane suna tambaya ko ciwon suga ne.

Na rubuta wa dillalin. Amsarsa ita ce, "Ai Alhaji ka kai sama, barka." Ko haƙuri bai ba ni ba.

Wanda zai je, ya yi magana kai tsaye da masu jagora na can, su ne za su ba shi takardar kayan da ta dace da dutsensu. Ya sayi takalmin roba tun daga gida, ya gwada shi da safa mai kauri biyu, ya yi 'yan kwanaki yana yawo da shi. In ƙafarsa babba ce, kada ya dogara da na haya. Kowane kaya ya shiga ledarsa kafin ya shiga jaka, safa kuma ta ninka abin da yake zato. Kada ya manta katin rigakafin cutar shawara. Ya kuma ware kuɗin sallamar 'yan dako tun kafin ya fara sayen tsaraba, a kuɗin Uganda, ƙananan takardu. Yaron da ya zauna da takalmina gefen gawayi, na ƙara masa da rigar sanyina da safar hannu. Takalmin ma na so in bar masa, sai dai ya yi masa girma.