Ranar da Na Iso Zabura ta 88

Shekaru da dama ina karanta Zabura yadda yawancin masu bi suke yi, wato in buɗe inda zuciyata take so, in karanta ta 23, ko ta 91, ko ta 121, in sami ta'aziyya, in rufe Littafin. Daga baya na ɗaura niyyar bin su a jere ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Lissafin mai sauƙi ne, domin Zabura 150 ne, idan aka karanta biyar a rana za a gama cikin kwana 30. Tsarin kuma ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 6 Benedik, wani shugaban sufayen Kirista a Italiya, ya umarci mabiyansa su riƙa gama Zabura duka kowane mako, littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila na 1549 kuwa ya raba su a kan kwanakin wata.

Tafiya tana ta tafiya lafiya sai da na iso Zabura ta 88. Na riga na saba da zaburorin kuka, na kuma san cewa ko wanda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu a Zabura ta 13, da waƙar dogara ya ƙare. Saboda haka ina karanta ta 88 ina jiran inda maganar za ta juya zuwa yabo, amma har ayoyinta 18 suka ƙare ba ta juya ba. Heman, wanda sunansa yake a kan zaburar, ya fara da kiran Allah mai cetonsa, ya ce ransa ya cika da wahala, ya ce an lasafta shi tare da masu gangarawa kabari, ya ce Allah ne da kansa ya nisanta abokansa daga gare shi, sa'an nan ya tsaya a kan duhu. Na sake karantawa, ina zaton idona ne ya tsallake wata aya. Babu abin da na tsallake.

Abin da ya girgiza ni shi ne, Ruhu Mai Tsarki ya ga ya dace irin wannan addu'a ta zauna cikin littafin sujadar jama'ar Allah. Ashe mutum yana iya faɗa wa Ubangiji cewa ba ya ganin haske ko kaɗan, a kuma karɓi maganar a matsayin bangaskiya, muddin ga Ubangiji ɗin ya kai ta. A aya ta 13 mai wannan kuka ya ce da safe addu'arsa tana zuwa gaban Allah. Bai sami amsa ba, duk da haka bai fasa zuwa ba. Yesu ma a kan gicciye da kalmomin Zabura ta 22 ya tambayi Allah don me ya yashe shi, kamar yadda Markus 15:34 ya nuna.

Amfanin wannan bai fara bayyana a ɗakin addu'ata ba, a gaban wata dattijuwa ta ikilisiyarmu ya bayyana, wadda ta rasa ɗanta bayan doguwar jinya. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mata kada ta yi kuka kamar marasa bege, ita kuwa tana gyaɗa kai, tana murza bakin zanenta da yatsu, ba ta ce uffan ba. Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna yadda muke gaggawar rufe bakin mai baƙin ciki da ayoyi, alhali Bulus a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana kuka ba, baƙin ciki marar bege ya hana. Da aka ragu, na ce, "Mama, in karanta miki wata zabura?" Ta ce in karanta. Da na kai ƙarshe ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, wannan ma yana cikin Littafi?" Daga nan ta yi addu'a da bakinta, mai ɗaci ƙwarai, kuma ban taɓa jin addu'ar da ta fi ta gaskiya ba.

Ga wanda yake so ya gwada, shawarata ita ce kada ya zaɓa, domin da zaɓina aka bi da ban taɓa tsayawa a kan ta 88 ba. Ya karanta da murya, ko da a hankali ne. Zabura ta 119 mai ayoyi 176 ya ba ta ranarta ita kaɗai. Zai kuma tarar da ranakun da zaburar ba ta dace da halinsa ba, yana cikin farin ciki ga kuka a gabansa. A irin waɗannan ranaku nakan ambaci sunan wani da na san yana cikin tsanani, in yi addu'ar a madadinsa aya bayan aya, sa'an nan in neme shi kafin rana ta faɗi in ji yadda yake.