Gwajin jure hayaniya: ku daina cewa "in ka daina ji ka ɗaga hannu"

Wata ɗaliba da muke koya wa gwajin ji ta sa wa wani dattijo hedfon, ta kunna masa labari, ta fara ƙaro surutun mutane a bayan muryar, sai naji tana cewa "Baba in ka daina gane maganar ka ɗaga hannu". Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ni kaina wannan kuskuren umarnin na daɗe ina ba mutanen da nake gwadawa.

Gwajin nan na ANL, wato awon yawan hayaniyar da mutum zai iya jurewa yana sauraren magana, da Anna Nabelek da abokan aikinta suka fito da shi a Jami'ar Tennessee ta Amurka a 1991, ba ruwansa da iya gane magana. Mutum ne zai saita ƙarar labarin inda ta masa daɗi, sannan a ƙara hayaniya zuwa iyakar da zai yarda ya zauna da ita yana bin labarin ba takura, sai a debe ƙarar hayaniyar daga ƙarar labarin a desibel, ma'aunin ƙarar sauti. Abin da ya rage shi ne lambar mutum, ƙaramar lamba na nufin yana jure hayaniya sosai. Ni kuwa na mai da shi gasa, bayin Allah su cije su runtse ido har hayaniyar ta kusa kamo muryar, lamba ta fito ƙasa da 7, in ce madalla ai kai na'urar ji za ta karɓe ka, ba a jimawa na'urar ta koma durowa. To amma ku min adalci, layi ne cike a waje, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna min, kuma wasun da na auna a karkace har yau suna sa tasu lafiya lau. Duk da haka dai na sa mutane asarar kuɗi, wannan ba musu.

Na so in jero shawarwari da yawa amma ku yaran yanzu abu in ya wuce layi uku kun tsallake. Ku karanta umarnin yadda aka rubuta shi, banda "a taƙaice". Ku maimaita gwajin, lambar tana motsawa daga zama zuwa zama. Ku girmama lambar, binciken su Nabelek na 2006 ya ce hasashenta kan waɗanda za su riƙe na'urar ji yana yin daidai kusan kashi 85 cikin 100. Kuma kar ku yarda da ita sosai, wanda tasa ta haura 13, wato lambar ta ce da wuya ya riƙe na'ura, kar a sallame shi, a gwada masa na'ura mai rage hayaniya a bi shi a hankali. Wayar nan kuma a ajiye ta in ana gwaji, haba.