Zazzaɓin da ke biyo bayan maganin mafitsara

A wajenmu, nan gefen Auyo, duk wanda jikinsa ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a aika yaro kemis. Wannan ɗabi'ar ita ta fi ba ni tsoro tun da aka fara yi wa Baba maganin ciwon dajin mafitsara a Kano.

Fitsarin jini ne ya kai mu asibiti. Baba manomin shinkafa ne, rabin rayuwarsa a cikin ruwan fadama ya yi ta, shi ya sa ya ɗauka tsargiya ce ta dawo, ya yi shiru da bakinsa. Da aka leƙa mafitsarar aka ga ƙari, amma Allah ya taimaka bai ci cikin naman ba, a sama-sama yake. Aka kankare shi, aka bari wurin ya warke, sannan aka ɗora shi a kan BCG.

BCG ɗin nan ita ce dai ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, mai barin tabo a damtse. A 1921 aka fara amfani da ita a Faransa, sai a 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna tana aiki a kan wannan ciwon. Ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ana zuba ta cikin mafitsara ta robar fitsari, mutum ya riƙe kamar awa 2, sau ɗaya a mako har mako 6. Aikinta ta tsokano garkuwar jiki, garkuwar ta zo wurin ta far wa ragowar ƙwayoyin dajin. To tunda tsokana ce, dole jiki ya ji.

Baba ya ji kuwa. Daren ranar magani ba ya barci, daga shimfiɗa zuwa bayi, fitsari kaɗan-kaɗan da raɗaɗi, wani lokaci da ɗan jini. Washegari sai kasala da ciwon gaɓoɓi da ɗumin jiki irin na mura. Kwana ɗaya zuwa biyu sai ya warware. Na lura abin ya fi tsananta a makonnin ƙarshe, an kuma ce mana haka ake tsammani. Abin da ya fi damunsa ma alwala ce da ba ta zama. Sai da limaminmu ya zo dubiya ya kwantar masa da hankali cewa addini ya yi wa mai larura sauƙi.

Baba ba zai taɓa ce mini fitsari na yi masa zafi ba. In na tambaya, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Butar da ke saurin ƙarewa ce take gaya mini gaskiya, da yadda yake dafa katanga in ya fito. Daga baya Kawu, sa'ansa, na roƙa ya riƙa tambayarsa, don da shi yake sakewa. Duk mai jinyar dattijo ya nemi irin wannan mutumin tun da wuri.

Na sayi ma'aunin zafin jiki, kuma a ganina ya fi duk abin da na saya amfani. Ɗumin da ya wuce cikin kwana 2 ba abin tashin hankali ba ne. Amma in zafi ya haura 38.5 ya ƙi sauka bayan awa 48, ko rawar ɗari mai ƙarfi, ko tari da sarƙewar numfashi, ko ido ya yi ja ko ya yi ɗorawa irin na shawara, ko maraina su kumbura, to asibiti za a nufa a ranar, ko da dare ne. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ƙwayar kan iya shiga jini, kuma maganinta na tarin fuka ne da ake sha tsawon watanni. Maganin maleriya ba zai taɓa ta ba. Ko da maleriyar ce ma, a bari a gwada jini, a kuma gaya wa duk likitan da aka tarar cewa mutumin nan yana kan BCG. Na hana a ba shi kafso daga kemis, domin wasu magungunan, irin su siprofloksasin, suna raunana BCG ɗin. Jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa ma na ajiye su gefe, duk da wasu sun ji haushina.

Tsafta kuma: awa 6 na farko bayan magani akwai ƙwayar a cikin fitsari. Mu masai gare mu, sai muka ware masa fo, ya yi a zaune don kada ya fantsama, a zuba Hypo a bar shi minti 15 kafin a zubar, a wanke hannu da sabulu. Jikoki ba sa zuwa wurin. Kafin magani yana rage shan ruwa, bayan ya fitar kuma ya sha da yawa. Ranar da fitsari ya fito ja sosai, ba a zuba maganin, ɗagawa ake yi, don haka muke kiran asibiti tun daga gida kafin mu kashe kuɗin mota.

Akwai wani nau'in maganin mai tayar da garkuwar jiki da ake yi ta ƙarin ruwa ga waɗanda ciwon ya yi nisa, kamar pembrolizumab. Shi garkuwar kan juya ne ta taɓa hanji ko huhu ko hanta ko fata, don haka gudawa ko ƙuraje ko tari a jikin mai shansa ba abin jira ba ne.

Baba ya gama zagayen farko. Saura a sake leƙa mafitsarar bayan wata 3. Ku sa shi a addu'a, Allah ya ba shi lafiya da sauran marasa lafiya.