Tantin su a kan ƙanƙara: inda na kai da matsalar ɗigar ruwa

'Yan uwa masu koyon su, wato kamun kifi ta ramin da ake huda a kan ƙanƙarar tafki, barkanmu da sanyi. Ga inda na kai a hunturun bana kan abin da ya addabi yawancinmu, wato ruwan nan da ke ɗiga daga rufin tanti alhali ko hadari babu. A tafkin Mille Lacs na jihar Minnesota a Amurka na fi zama, da tanti mai naɗewa marar rufi biyu, da ƙaramar hitar gas irin wadda kowa ke ɗorawa a kan abin jan kaya.

Mafi yawan ruwan daga hitar kanta yake fitowa. Gas ɗin furofen da take ci in ya ƙone, tururin ruwa yake bayarwa tare da iskar kabon dayoksaid, kuma ba kaɗan ba. Kowane kilo 1 na gas yana fitar da kusan kilo 1.6 na ruwa. 'Yar koriyar silindar nan mai giram 454, kafin ta ƙare ta saki abin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na lita. In kuwa aka ƙure hitar a kan BTU 9,000 (ma'aunin ƙarfin zafinta ke nan), silindar ba ta cika awa uku. Irin wannan hita ba ta da bututun fitar da hayaƙi, don haka duk ruwan a cikin tanti yake tsayawa tare da kai. Ga numfashin mutum biyu ko uku, ga ramukan su a buɗe, ga dusar ƙanƙara tana narkewa ƙarƙashin takalma. Ga kuma butar shayi, wadda ni dai ba zan bari ba ko me lissafi zai ce.

Sauran bayanin mai sauƙi ne. Iska mai ɗumin digiri 20 na Salsiyos tana iya riƙe ruwa kusan giram 17 a kowace kubik mita, amma a digiri 20 ƙasa da sifiri giram 1 ne kacal take iyawa. Yadin tanti siriri ne, sanyin waje ya ratsa shi. Da tururi ya taɓa shi sai ya koma raɓa, kamar yadda gorar zoɓo mai sanyi ke zufa da rana. In sanyin ya tsananta, raɓar daskarewa take yi ta zama farin gari a jikin rufi. Nan ne abin haushin yake: kana zaune ka zuba wa bakin sandar fatsa ido, iska ta bugi tanti, garin ya zubo maka a ƙeya ya narke ya gangara cikin riga. Ko kuma rana ta ɗaga, rufi ya soma ɗis-ɗis a kan gilashin na'urar gano kifi daidai lokacin da kifi ya taso wa koto.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne wanda zuciya ba ta so: buɗe kafa. Duk wanda ya taso a ƙasa mai zafi, da ya ji sanyin nan toshe ko'ina yake son yi. To toshewar ce ke tara ruwan. Yanzu ina buɗe tagar iska ta sama a ɓangaren da iska ba ta bugowa, in kuma ɗan zuge zif ɗin ƙofa daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Iskar waje busasshiya ce. In ta shigo ta ɗumama sai ta kwashi danshi, ta fice ta sama. Gas zai fi saurin ƙarewa, ba musu, amma rufin nawa ya daina zuba sai ɗan laima a kusurwoyi.

Akwai dalilin da ya fi ɗigar ruwa nauyi. Hitar da ke ci a rufaffen wuri tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamunta na farko, kuma da sauƙi mutum ya ɗauka gajiya ce. Yawancin hitocin nan suna kashe kansu in iskar oksijin ta yi ƙasa, sai dai wannan ba awon guba ba ne. Ku sayi ƙararrawar gano kabon monoksaid mai batir, ku rataye a tanti. Rufin da ke ɗiga sosai alama ce iska ba ta zagayawa.

Ƙananan gyare-gyare kuma sun taimaka. Kafin in kafa tanti nakan kwashe dusar da shebur har in kai ga tsurar ƙanƙara, sannan in shimfiɗa tabarmar soso mai haɗe-haɗe, don kada zafin hita ya mai da ƙasan kududdufi. Ɓarɓashin da injin huda ƙanƙara ya tara, da wanda nake tsamowa da matsami daga rami, waje nake watsa shi. Na kuma ɗaura 'yar fanka mai batir a sandar rufi. Ba ta rage ruwan da ke cikin iska, amma tana sauko da zafin da ya taru a sama, har na iya rage wutar hita, ƙarancin wuta kuwa ƙarancin tururi ne.

Na yini a tantin wani maƙwabcina mai yadi ninki-ninki da abin riƙe zafi a tsakiya. Bambancin a fili yake, domin cikin yadin ba ya yin sanyin da raɓa za ta kwanta sosai. Amma fa ba sihiri ba ne, ruwan yana nan, yadin ne ke shanye wani. Waɗanda suka huta su ne masu ɗakunan su na kan taya, da ake ja da mota a ajiye a tafki, saboda murhunsu yana fitar da hayaƙinsa waje ta bututu.

Kada a raina shanya. Tantin da aka naɗe da danshi aka bari a gareji, zif ɗinsa daskarewa yake yi, in yanayi ya sassauta kuma fumfuna ta kama shi, warinta ba ya fita. Ni ina baza nawa a ɗakin ƙasa har ya bushe ƙayau kafin ya koma jaka.

Abin da ke gabana yanzu shi ne gwada hitar dizal, wadda ake ajiyewa a waje ta riƙa huro busasshen zafi ta tiyo. Tana buƙatar batir mai bolt 12, ga nauyin mai, kuma da ƙafa nake jan kayana duka. Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi don in rubuta abin da ya nuna da hitar gas tukuna, in sami abin kwatantawa. Wanda ya riga ni gwada ta dizal, ya faɗa mini awa nawa batirinsa ke kaiwa in sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri.